Gatarin aradu ne ko aikin hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina cikin huɗa a gonarmu ta bakin Gulbin Maradi sai na tono wani baƙin dutse mai sulɓi, tsawon tafin hannu, bakinsa da kaifi. Dattawa sun ce gatarin aradu ne. Abokina kuma ya zo da ƙananan kawunan kibiya na dutse daga Agadas. Asalinsu ɗaya ne?
Manomi, daga Tibiri

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba da damina mai albarka. Yadda ka kwatanta, duka biyun aikin mutanen dā ne, sai dai kowane da irin dutsensa da hanyar yinsa.

Naka gatari ne. Ana zaɓar dutse mai nauyi da tauri, wanda ba ya tsagewa in ya sari itace. A fara rage shi da duka, a dandaƙe tudun da ya rage da wani dutse, sannan a yi ta gugarsa kan dutsen yashi da ruwa har baki ya fito. Duba shi a hasken rana: an wasa bakin ta fuska biyu, akwai siraran zane na guga, gindin kuma ya fi baki tsukewa don ya shiga ƙota. Dutsen da gulbi ya goge sulɓinsa ko'ina ɗaya ne, ba shi da baki.

Kan kibiya ba a gugarsa, ɓantararsa ake yi, kuma nan gwanintar take. Sai dutse mai fashewa kamar kwalba, irin ƙanƙarar ƙyastu, ko koren dutsen nan da mutanen Adrar Bus, a gefen tsaunukan Ayar, suka yi amfani da shi. Dutse mai manyan ƙwayoyi marmashewa kawai yake yi. Ana bugun gefen da kusurwarsa ba ta kai digiri 90 ba. In ta wuce haka, duka ba ya ci, sai gefen ya dakushe. In kuma ƙarfin dukan ya gaza, ɓallin ya karye a rabin hanya ya bar tudu, wanda ke hana na gaba fita. Ɓallin da hannu ya fitar yana da ɗan ƙullutu daidai inda aka buga, da layuka masu lanƙwasa a bayansa. Gyaran ƙarshe da tsinin ƙaho ko ƙashi ake yi, ana dannawa ba bugu ba.

Siffa tana nuna zamani, amma ba ita kaɗai ba. Manya masu wutsiya a gindi, na ɗaurawa a sanda, a Sahara sun haura shekara 30,000. Ƙananan da aka gyara fuska biyu, masu fasalin ganye ko kusurwa uku mai lotsattsen gindi, na baya-baya ne, kamar na mutanen da suka zauna Gobero, a Tenere, daga wajen 5200 zuwa 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin akwai tafki a wurin.

Abokinka ya duba nasa da kyau, don ana ƙera sababbi a sayar wa baƙi: sabo kaifinsa ɗanye ne, tsoho kuwa rairayi ya dushe masa gefe. Ko da na gaske ne, tsince su daga inda suke ɓarna ce, domin wurin ne ke faɗin shekarunsu, kuma dokar 1997 ta kare kayan tarihin Nijar. Kai ma kada ka wasa naka ko ka shafa masa mai. Rubuta wurin da zurfin da ka same shi, ka ɗauki hoto, ka sanar da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai.