Maus mai ƙwallo a shagon buga takardu

Ɗan'uwa, ka ce wuyan hannunka na ciwo saboda jan maus wuni guda a shagonka da ke Tudun Wadan Gombe, kana tambaya ko mai ƙwallo zai fi maka.

Logitech M575 nake amfani da shi. Yana zaune wuri ɗaya, babban yatsa ke murza ƙwallon, wuyan hannu ya huta. Ko tebur ya cika da takardu ba ruwanka.

Kwanakin farko sai haƙuri. Kibiya za ta riƙa zarce inda ka nufa, musamman wajen zaɓar rubutu a Word. Rage saurinta a saitin kwamfuta, hannu zai saba. Amma zane a CorelDRAW, gaskiya na gargajiya ya fi mini daɗi har yanzu.

Babban abokin gabar mai ƙwallo ƙurar hunturu ce. In ƙwallon ya fara cijewa, turo shi ta ramin ƙasa ka goge 'yan maƙallai ukun da yake zaune a kai.

Batirin AA ɗaya yake ci. In kai bahago ne kada ka saya, na hannun dama ne kawai. Nemi Kensington Expert Mouse, shi ma mai ƙwallo ne amma yana yi wa kowane hannu. Ciwon kuma in ya ƙi sauka, a ga likita.