Amsa: Asibiti zai iya aron tsarin gida?

Malam, ka tambaya ko ya dace ƙaramin asibitin da za ku gina ya ari tsarin wani irin gini daban. Ya dace ƙwarai, an ma gwada an gani.

Dubi cibiyoyin Maggie na masu cutar daji a Birtaniya. An buɗe ta farko a Edinburgh a 1996, shekara ɗaya bayan rasuwar Maggie Keswick Jencks, mai cutar dajin da aka sa wa cibiyoyin sunanta, wadda ta ɗanɗani ɗacin zaman jiran likita a lungun asibiti marar taga. Tsarin gida suka ara. Kana shiga babu kantar karɓar baƙi, sai kicin da babban teburi, ka haɗa shayinka da kanka ka zauna. Wanda likita ya gama faɗa wa labari mai nauyi, irin wannan wurin yake bukata kafin komai.

Sai dai a naku asibitin, aron ya tsaya a wurin jira. Ɗakin tiyata da na haihuwa dole su bi ƙa'idar tsafta. Wurin jiran kuwa, shawarata ka yi shi kamar tsakar gida: rumfa, inuwar darbejiya, iska na ratsawa, da filin da masu jinya za su shimfiɗa tabarma.