Furfura daban, dattako daban: amsoshin tambayoyinku

Malam, jikata ta fara zubar da haƙora, sai na ji wata tsohuwa ta ce tana "famfara". Hausa ce kuwa? (Wata Hajiya daga Idi-Araba)

Hausa ce tsantsa, Hajiya. Famfara ita ce faɗuwar haƙoran yarinta, guda 20 ɗin nan da kan fara zuba wajen shekara 6, na girma su maye gurbinsu har su cika 32. Giɓin da kan rage shi ne wawulo. Kada a haɗa shi da wushirya, ita ado ce.

Malam, a wace shekara ake fara ce wa mutum dattijo? Na cika 50, furfura ta fito, amma har yanzu a majalisarmu "Alhaji" kawai ake ce mini. (Wani ɗan kasuwa daga Alaba Rago)

Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba takardar haihuwa ake dubawa ba. Furfura aikin jiki ce: ƙwayoyin da ke ba gashi baƙinsa su ne ke rage aiki, sai gashin ya fito fari. Wani tana fito masa yana ɗan shekara 25 saboda gado, wani kuma ya kai 60 kansa baƙi wuluk, ko da yake a Legas ɗin nan sai ka bincika ko wanzami ya sa hannu.

Kalmar dattijo aro muka yi daga Fulatanci, inda suke cewa ndottiijo. Da ta shigo bakinmu sai ta hayayyafa: dattijuwa, dattawa ko dattijai, da kuma dattako. To a kan dattako ɗin maganar take. Tsufa kowa zai yi in ya yi tsawon rai, har jaki da tukunya da takalmi suna tsufa, amma ban taɓa jin an ce dattijon jaki ba. Shi ya sa Bahaushe ke da bakin cewa "tsohon banza", kuma bai cika cewa "dattijon banza" ba, domin kalmomin biyu ba sa zama inuwa ɗaya. Haka nan za ka ji an ce wa ɗan shekara 30 "yaron nan akwai dattako", ba wanda zai ce an yi kuskure.

Na ga misalinsa kwanan baya a wata rumfar goro a Agege. Masu ɗaukar kaya biyu suka kaure da rigima kan kuɗin sauke huhu, har ɗaya ya cire hula ya cusa a aljihu, alamar abin zai kai ga hannu. Mai rumfar, wanda ba zai wuce shekara 40 ba, bai ɗaga murya ba. Ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya cika wa wanda ke ganin an ƙware shi, ya ɓare goro ɗaya ya miƙa wa kowa ɓari, ya koma kan lissafinsa. Ɗayan ya ci gaba da gunaguni har da gugar zana, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba. Abin da ake nufi ke nan da "babba juji ne": kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubarwa, shi kuma ya shanye. A gefe ga wani mai farin gemu har ƙirji yana ta zuga su.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda 'yan jarida suka mai da kalmar ta zama awon shekaru kawai, "an kama wani dattijo ɗan shekara 70 da laifin kaza". Haba jama'a! In ya aikata abin da kuka ce, ai tsoho kuka kama. Su ma waɗanda suka raɗa wa majalisarmu ta sama suna Majalisar Dattawa fata nagari suka yi mata, tunda tsarin mulki shekara 35 kawai ya nema ga mai son zama sanata. Ko fatan ya cika, wannan ba fagena ba ne.

Saboda haka, Alhaji, ka bar su su ci gaba da ce maka Alhaji. Sunan ba a roƙonsa.

Mene ne bambancin tuzuru da gwauro? (Wani ɗalibi daga Yaba)

Tuzuru ya isa aure, ya wuce lokaci, bai taɓa yi ba. Gwauro ya taɓa yi, yanzu ba mata a ɗaki.

Malam, na ji ana cewa "tsohon gwamna" alhali mutumin bai tsufa ba. Ba kuskure ba ne? (Wata malamar makaranta daga Obalende)

Ba kuskure ba ne, Malama. Idan "tsoho" ya zo gaban sunan muƙami, ma'anarsa wanda ya riƙe ya sauka. Ga misali a maƙwabtanki: Janar Yakubu Gowon ya hau mulki a 1966 yana da shekara 31, ya yi mulkinsa daga Barikin Dodan da ke nan kusa da Obalende, aka kifar da shi a 1975. Ya zama tsohon shugaban ƙasa yana ɗan shekara 40. Sai dai maza su kula da wurin ajiye kalmar: "tsohuwar matata" wadda aka rabu da ita ce, "matata tsohuwa ce" kuwa magana ce da ke iya jawo a kwana da yunwa.

Har zuwa yaushe mutum yake matashi? (Wani mai sayar da tumatir daga Mile 12)

Ya danganta da wanda ka tambaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 15 zuwa 24. Tarayyar Afirka ta ja shi zuwa 35. Manufar matasa ta Najeriya ta 2019 ta tsaya a 15 zuwa 29. 'Yan siyasa kuwa ba su da iyaka, na taɓa halartar taro inda "shugaban matasa" ya zo da tabaran karatu da sanƙo, ɗansa na fari ne ya tuƙo shi.

A Hausa kalmar daga "tashi" take, wato mai tasowa, wanda bai gama miƙewa ba. Kakanninmu ma ba su cika ƙidayar shekaru ba, abin da jiki da hali suka nuna suke bi. Jinjiri ya yi zama, ya yi rarrafe, ya yi tatata, a yaye shi. Yarinya ta fara ƙirgar dangi, yaro murya ta buɗe, a ce sun balaga. Ita balaga Larabci ce, kuma a mazhabar Malikiyya in alamominta ba su bayyana ba, shekara 18 ce iyaka. Daga nan saurayi da budurwa, in ya yi aure ya riƙe gida ya zama magidanci. Ka ga duk matakan nan ba wanda aka ɗaura wa lamba. Wanda yake aurar da 'ya dai ya daina tasowa, ya taso.

"Yaro man kaza", me ake nufi? (Ba suna)

Ba ka ƙarasa ba ne: in ya ji rana sai ya narke. Yaro akwai zafin farawa, babu juriya. Ƙanwarta ita ce "ta yaro kyau take, ba ta ƙarko".

Malam, 'ya'yana haihuwar Legas suna ce mini "tsoho". In hana su? (Wani magidanci daga Ijora)

In a bayan idonka ne suke cewa "tsohona", ba raini ba ne, samarin Kano ma haka suke faɗa, kuma sau da yawa ƙauna ce. A gabanka kuwa Baba ne ko Abba. Tun da a cikin Yarabawa suka tashi, sun sha ganin saurayi ya kwanta rub da ciki yana gaida mahaifinsa, don haka ba za su ce ba su san girman uba ba. Ranar da ka ji sun ƙara "tukuf", ka sake rubuto mini.