Hukuncin allurar ƙara sha'awa ga mai shayarwa da ke da hawan jini

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matar aure ce, shekararmu tara da maigidana, 'ya'yanmu uku, ƙaramin wata bakwai gare shi, ina shayar da shi. Tun da na yi wannan haihuwar sha'awa ta ɗauke mini ƙaf. Ba na hana shi haƙƙinsa, amma ya gane jikina ne kawai a wurin, abin yana ɓata masa rai, ni ma yana damuna. Na sha tsumi da gumba har na gaji. Kwanan nan ya sayo wata allura wajen wata mai kayan mata a Instagram, ana ce mata PT-141, wai peptayid ce daga Amurka. Gari ne a 'yar kwalba, sai an haɗa da ruwa mutum ya yi wa kansa a fatar ciki. Ina jin tsoro, don ina shan maganin hawan jini tun bayan haihuwa, ko da yake ba kullum nake tunawa ba. Shi kuma ya ce ya tambayi wani malami, an ce masa wajibi ne in yi, tunda biyan buƙatar miji wajibi ne, abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuwa shi ma wajibi ne. Malam, allurar halal ce? In na ƙi ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya raya abin da kika haifa.

Kada ki yi wannan allura, kuma ba ki da zunubi don kin ƙi. Dalilin yana cikin maganar da kika faɗa a gurguje kamar ba komai ba: kina da hawan jini, kuma ba kya shan maganinsa yadda ya kamata.

Da wata ce ta rubuto mini, mai cikakkiyar lafiya, ta ce likita ya duba ta ya rubuta mata, da kalma ɗaya zan ba ta: ya halatta. Neman magani halal ne, mace ta nemi jin daɗi da mijinta kuma ba rashin kunya ba ne, haƙƙinta ne kamar yadda yake nasa. Zancen najasa ma bai taso ba, domin wannan sinadari a ɗakin haɗa magunguna ake ƙera shi, ba daga jikin dabba ake tatso shi ba. Amma ba ita ce ta rubuto ba, ke ce.

Bari in gaya miki mene ne a cikin kwalbar, ko in ce abin da ake da'awar yana ciki. PT-141 laƙabi ne na wani magani da likitoci ke kira bremelanotide. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Yunin 2019 da sunan Vyleesi, ga matan da ba su daina al'ada ba, waɗanda a da suna da sha'awa sai ta ɗauke, abin kuma yana damunsu. A ƙwaƙwalwa yake aiki, ba a gaba ba. Ana yin allurar a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya aƙalla minti 45 kafin kwanciya, ba a yi fiye da sau ɗaya a awa 24, ba a wuce sau 8 a wata, in kuma an yi mako 8 ba canji sai a daina. Takardar da ke tare da maganin ta faɗa ƙarara cewa ba a ba wa mai ciwon zuciya, ba a kuma ba wa wadda hawan jininta bai daidaita ba, saboda duk lokacin da aka yi allurar jini kan hau na wasu awanni kafin ya sauko. Waɗanda suka yi maganin, masu cin riba da sayar da shi, su da kansu suka ce kada a ba wa irinki. Me ya rage wa malami ya ce? Ba a cuta, ba a cutarwa. Ga wadda jininta ke hawa da sauka, wannan allura haramun ce har sai likita ya auna ki ya tabbatar yanayinki ya canja.

Wannan fa idan na gaskiya ne a hannunki. Vyleesi na asali a haɗe yake zuwa, cikin abin allura da aka riga aka auna, miligiram 1.75 ba ƙari ba ragi. Garin da ake sayarwa a 'yar kwalba ta intanet wani abu ne dabam. Ki juya kwalbar ki duba, galibi za ki ga an rubuta da Turanci cewa don bincike kawai aka yi, ba don amfanin mutum ba. Ki nemi lambar NAFDAC a jiki ki gani ko akwai. Ba ki san wa ya haɗa ba, ba ki san ƙarfinsa ba, mai sayarwar ma ba ta sani ba, sari ta yi. Sai a ce mace mai goyo ta zauna bakin gado da sirinji tana ƙiyasta ruwa da ido? Kuma ko na asalin, takardarsa ta ce babu bayani kan ko yana bi ta nono. A nan ba jikinki kaɗai ake magana ba, akwai yaro ɗan wata bakwai da ba a nemi izininsa ba.

Yanzu ga fatawar da aka ba maigidanki. Ban san yadda ya yi tambayar ba, kuma ina kyautata zaton bai ambaci hawan jinin ba. Amma ko da a ce ba ki da hawan jini, cewa wajibi ne kuskure ne, kuma zan tsaya a kai domin na ga ana ɗora wa mata kaya da wannan ƙa'ida inda ba wurinta ba.

Ƙa'idar gaskiya ce: abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. To amma sai a fara tambaya, mene ne wajibin? Abin da shari'a ta ɗora wa mace shi ne ta amsa kiran mijinta idan ba ta da uzuri, ta ba da kanta. Kin ce kina yi. Wajibin ya cika ke nan ba tare da allura ba, ƙa'idar ba ta da inda za ta shiga. Abin da maigidanki ke nema ƙari ne a kan wannan, yana so ki ji abin da yake ji. Buƙata ce mai kyau, ba na zarginsa a kanta, amma ba a hannunki take ba, kuma Allah ba ya kallafa wa rai sai abin da zai iya. Dubi yadda Alƙur'ani ya yi wa maza a aya ta 129 ta Suratun Nisa'i, inda ya ce ba za su iya daidaitawa tsakanin mata ba ko da sun yi kwaɗayin haka. Malaman tafsiri tun daga Ibn Abbas sun ce so da sha'awa ake nufi. Mai mata biyu ana kama shi da rabon kwana da ciyarwa, ba a kama shi da cewa zuciyarsa ta fi motsawa a ɗaki ɗaya. Ba mu taɓa jin malamin da ya wajabta masa allura don ya daidaita sha'awarsa ba. Uzurin da aka yi wa namiji a kan abin da bai mallaka ba, da wane dalili za a hana shi mace?

Wani zai ce, ai malaman Shafi'iyya da Hanbaliyya sun yi maganar cewa miji na iya tilasta wa matarsa gusar da abin da ke rage masa jin daɗi, kamar datti da wari da gashin da ya kamata a cire. Haka ne, sun faɗa, kuma nan ne mafi ƙarfin hujjar masu wannan ra'ayi. Amma dubi misalan nasu: wanka, aski, barin cin tafarnuwa. Duka abubuwa ne da ke hannunta, ba su da illa, kuma sakamakonsu tabbas ne, in ta yi wanka dattin ya tafi. Allurar nan ba ta cika ko ɗaya daga cikin ukun ba. A gwajin da aka yi kafin a amince da ita, wajen mata 25 cikin 100 ne sha'awarsu ta ƙaru yadda za a iya aunawa, alhali cikin waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki, 17 cikin 100 su ma sun ce ta ƙaru. Tazarar takwas ce kacal. Yawan saduwar da matan suka ce sun gamsu da ita kuwa bai bambanta ba tsakanin ɓangarorin biyu. A ɗaya hannun, mata 40 cikin 100 sun yi fama da tashin zuciya, har wasu suka bar maganin saboda shi. Ki kwatanta da kanki: an yi allura don a ji daɗi, sai ga mace durƙushe a banɗaki tana kakarin amai. Ba a gina wajibi a kan amfanin da ake zato da illar da ta fi shi tabbata.

Sannan shi kansa yin magani, asalinsa ba wajibi ba ne a wurin mafi yawan malamai. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo a hadisi, Annabi (SAW) zaɓi ya ba ta tsakanin ya roƙa mata waraka ko ta yi haƙuri, ta zaɓi haƙuri, bai ce ta yi laifi ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce magani yana zama wajibi ne idan barinsa zai kai ga rasa rai, ko lalacewar gaɓa, ko nakasa, ko kuma cutar mai yaɗuwa ce, ta kuma sharɗanta izinin majinyaci idan mai cikakken hankali ne. Ƙarancin sha'awa ba ya cikin waɗannan, kuma izinin naki ne, ba na miji ba. Abin mamaki ma, a mazhabarmu ta Malikiyya, littafin fiƙihu na Mukhtasar Khalil ya lissafa kuɗin magani cikin abin da ba a tilasta wa miji ya biya wa matarsa. Ni ina tare da malaman wannan zamani da suka ce ya biya, domin magani yau kamar abinci yake. Amma wanda ya ga ba a ɗora wa miji kuɗin maganin matarsa ba, ta yaya zai juyo ya ɗora wa matar shan magani mai haɗari don jin daɗin mijin? Hadisin tsinuwar mala'iku da ake tsoratar da ku da shi kuwa a kan mai ƙin zuwa shimfiɗa ba dalili yake. Ba ke ba ce.

In ana neman maganin da ya yi kusa da zama wajibi a kanki, shi ne wanda kike mantawa. Hawan jinin bayan haihuwa shi ke kai mata ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Ki ajiye ƙwayoyin kusa da dardumarki, kina sallame Asuba ki sha, ko ki sa ƙararrawa a waya a lokacin da likita ya ce.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba. Ni ban tabbata abin da ke damunki ciwo ne ba ma. Mai shayarwa, sinadarin da ke kawo ruwan nono yana danne na sha'awa, gaba kuma takan bushe har saduwa ta yi zafi, mace ta fara gudun abin ba tare da ta san dalili ba. Ƙara da rashin barci, da yara uku, da girki, da ƙarancin jinin da jego ke bari. Wasu magungunan hawan jini da wasu na tazarar haihuwa su ma suna rage sha'awa. Akwai kuma ƙuncin zuciya da kan kama mace bayan haihuwa, ta rasa jin daɗin komai, ba na shimfiɗa kaɗai ba. In kina yawan kuka ba dalili, ko kin daina jin ɗanɗanon abubuwan da kike so a da, ki faɗa wa likita wannan da bakinki. Shi kansa Vyleesi an ce ba don wadda matsalarta ta samo asali daga wata rashin lafiya, ko wani magani, ko rashin jituwa da miji aka yi shi ba. Ki nemi likitar mata mace in da hali, in babu namiji ya halatta gwargwadon buƙata. Ki faɗi komai, kunya a nan ba ta da lada.

In an yaye yaro, jini ya daidaita, aka bincika ba a ga wani dalili ba, likita ya rubuta miki na asali kuma ke da kanki kina so, to ya halatta. Ko a lokacin ki san abu biyu. Ba a yin sa da ciki, don haka dole a tabbatar babu. Kuma yakan bar baƙin tabo a fuska da dasashi da nono, abin ya fi samun masu duhun fata irinmu, wani lokaci tabon ba ya gogewa ko an daina. A wani gwaji da aka yi allurar kullum har kwana 8, mata 38 cikin 100 sun samu tabon. Na faɗi haka ne don na san halinmu, in an ce sau 8 a wata wani sai ya ce a ninka don a ga aiki da wuri.

Tsumi da gumba, in kayan abinci ne sanannu kamar dabino da aya da zuma, ba laifi. Wanda ba ki san haɗinsa ba ki bar shi, musamman na matsi da ake cusawa, yana jawo sanyi da ƙaiƙayi, ya mayar da hannun agogo baya. Kuma ku daina kai sirrin shimfiɗarku wajen masu talla a waya. Yau ana saurarenku, gobe labarinku ne tallar.

Ki ba maigida wannan amsa ya karanta. Malam, kuɗin da ka kashe ya nuna kana son matarka kusa da kai, Allah ya saka. Amma mai goyon wata bakwai barci take nema kafin komai. Ka karɓi yaron wani dare, ka samo mai taya ta aiki in da hali, ka yi mata hira da wasa tun da rana, kada ka bari sai an kashe fitila. Kada kuma ka riƙa yi mata barazana da ƙara aure a kan wannan, in ma kana yi, tsoro bai taɓa tayar da sha'awa ba. Ka raka ta asibiti da kanka. Kwalbar kuwa kada a ba wa ƙawa ko ƙanwa, kada a sayar wa wata don a mayar da kuɗi. Ku tafi da ita ku nuna wa likitan, ya gaya muku yadda za a zubar.

Wallahu a'alam.