Amsa ga mai tambaya kan tsayar da wasanni a kwanakin makokin ƙasa

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, inda kake cewa in gwamnati ta sa zaman makoki na ƙasa, a tsayar da wasanni ne ko a ci gaba, tun da tsayarwar ba ta dawo da wanda ya tafi. Na karanta amsoshin ƴan'uwa, wasu na cewa a rufe kome, wasu na cewa balo ba ya hana addu'a. Ni na yi shekara ashirin da ɗoriya ina busa usur a gasannin unguwa nan Damagaram, daga Birni zuwa Zango har Garin Malam, sai da gwiwa ta ƙi na koma cikin masu shirya gasa. Wannan maganar ta taɓa faɗo mini a ka, shi ya sa zan ɗan ja ta.

Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kai hari barikin Inates, aka kashe mana soji 71. Shugaba Issoufou ya katse tafiyar da yake yi a Masar ya dawo, aka sa makoki na kwana uku. Mu kuwa wasan ƙarshe na kofin unguwarmu ya faɗo daidai cikin kwanakin. Mun riga mun biya kuɗin kujeru da rumfa da mai sono, yara sun zuba toka a layukan fili, ragon da za a ba waɗanda suka ci yana ɗaure a gidana yana gamawa da harawata. Kwamiti ya rabu biyu. Ba zan ɓoye maka ba, ni ina cikin masu cewa a buga. Na ce a ɗaura baƙin ƙyalle a hannu, a yi shiru na minti ɗaya yadda muke gani a tele, shi ke nan.

Da la'asar na bi ta filin don in duba raga. Sai na tarar da mai tsaron gidan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu, yaro ɗan shekara sha tara, zaune a gindin ƙarfen gola shi kaɗai, waya a hannu. Ya danna, ya kara a kunne, ya sauke, ya sake dannawa. Yayansa soja ne a yankin Tilaberi, tun ranar harin lambarsa ba ta shiga, ba su kuma san ko yana Inates ko wani wuri ba. Na ce masa gobe za ka iya tsayawa? Ya ce: "Baba, in kun ce a buga zan tsaya." Bai ko ɗago kai ba. Da dare wani dattijo cikinmu ya tambaye ni, in gawa na kwance gidan maƙwabcina, ina kiran makaɗa ƙofar gidana? Ban sami abin faɗi ba. Muka ɗaga wasan da mako ɗaya. Yayan yaron ya kira bayan kwana biyu, yana nan da ransa, alhamdu lillahi.

Amma ga inda muka yi laifi, kuma har yau yana damuna. Ja-in-jar da muka tsaya yi ta sa ba mu sanar ba sai da hantsin ranar wasan. Akwai wata baiwar Allah da ke kawo awara da zoɓo bakin fili duk ranar wasa. Na gamu da ita ta ɗoro roba a ka, ƴarta na biye da kula. Da na faɗa mata sai ta sauke kayan a hankali ta ce: "Malam, da kun faɗa jiya ai da ban jiƙa wake ba." Waken bashi ne, ƙanƙarar ma bashi ce. Masu cewa a rufe kome ba su cika tuna irin waɗannan ba: ita, da mai ruwan leda, da mai rake, da ƴan kabu-kabu da ke jiran tashin fili. Wanda ya sa hannu a takardar dakatarwa albashinsa na nan ƙarshen wata.

To ra'ayina, bayan duk wannan: a tsaya, amma kwana uku, kuma a faɗa da wuri. Ba daga wata ƙasa na aro wannan ba, abin da muke yi ne a unguwa. In aka yi rasuwa ana shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, mai rediyo ya rage murya, mai biki a layin ya ɗaga kiɗansa ko ya kai shi nesa. Da an yi sadakar uku a naɗe tabarmi, kowa ya kama sana'arsa. Addini ma iyakar da ya sa ke nan, ba a wuce kwana uku ana makoki sai matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma. Makokin ƙasa a Nijar yawanci kwana ukun ne, haka aka yi na Inates, haka na tsohon shugaba Tandja Mamadou da ya rasu 24 ga Nuwamba 2020. Wasan unguwa ko na zakarun ƙasa da aka ɗaga da kwana uku bai mutu ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ja abin ya yi tsawo. Dubi yadda makoki ya riƙa bin juna: Inates a Disamba, bayan wata ɗaya Shinagodar soji 89, Janairun 2021 Coma Bangu da Zarumdarai mutum kusan ɗari, Maris ɗin shekarar Tilliya mutum 137. In kowane sai an rufe fili mako biyu ko wata, yaushe za a gama gasa? Kuma kai ɗan garin nan ne, ka san inda yaro ke zuwa da marece in babu fili. Na ga samarin da balo kaɗai ya raba su da zaman ƴan pale, wato gungun samari ƴan daba. Masu kai harin nan ma ba abin da suke so kamar su ga garuruwanmu sun yi tsit.

Maƙwabtanmu sun gwada mana wani abu. Muhammadu Buhari ya rasu a Landan 13 ga Yuli 2025, aka kawo shi Daura nan kusa da mu ranar 15, Najeriya ta sa makoki na kwana bakwai. Ranar 18 ga wata ƴan matansu suka ci Zambiya 5 da nema a gasar Afirka a Maroko. Ni dai ban ji wanda ya kira hakan rashin kunya ba, an riga an binne, uku ta wuce. A Ingila kuwa, da Sarauniya Elizabeth ta rasu 8 ga Satumba 2022, gwamnati ta bar wa kowace hukumar wasa zaɓi. Masu balo suka soke wasannin ƙarshen makon har da na yara ƙanana, masu kurket da rugbi suka buga nasu da taken ƙasa. Rasuwa ɗaya, ƙasa ɗaya, hukunci biyu, kuma kowane ɓangare na ganin shi ya girmama ta.

Inda abin ke da wuya shi ne babbar gasa da mutane suka riga suka taru. Ɗauki kokowar Takobi, gasar kokowa ta ƙasa da ake yi tun 1975: jihohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, ga makaɗa, ga masu rakiya, wasu tun daga Diffa ko Agadas. Ba ka ce musu ku koma gida. Amma kuma kokowa ba kamar balo ba ce. Balo kana iya kashe sono ka buga shi shiru. Kokowa fa? Duk wanda ya taɓa zama filin Langa-Langa ya san in ka cire ganga da kirari da cali-cali masu ban dariya, abin da ya rage maza biyu ne ke turereniya cikin rairayi. Don haka a ganina ita ce ma ta fi cancanta a tsayar, a ciyar da baƙi kwana biyu ko uku a ƙara a ƙarshen gasa. A wasannin Olimfik na Munik a 1972, da aka kashe ƴan Isra'ila 11, an tsaya kwana ɗaya da ƴan awoyi aka ci gaba, har yau ana gardama a kai. Wanda ya fi ba ni haushi na Togo ne a 2010: an buɗe wa motar ƴan balonsu wuta a Kabinda ta Angola suna hanyar gasar kofin Afirka, mutum uku suka mutu, suka koma gida binne nasu, sai hukumar balo ta Afirka, CAF, ta ce ta hana su gasa biyu. Daga baya aka janye. Mai makoki ba a tilasta masa wasa, ko da kowa na bugawa.

Wani abu kuma, tun da muna tsakaninmu. Ranar da muka rufe filinmu, da dare gidan kallon da ke bakin titi cike yake, ana ihun wasan Turai har ƙarfe sha ɗaya, can gaba kuma ana biki da sono. Yara suka tambaye ni, su kaɗai aka yi wa rasuwar? In za a yi shiru a yi shi gaba ɗaya, kada a ɗora shi kan marasa baki.

In gasarku ce ta faɗo cikin irin wannan, ƙanena, ku zauna daren da aka yi sanarwa, ku yanke, ku aika wa masu sana'ar bakin fili kafin kowa. Ranar da kuka dawo kuma ba sai kun yi shirun minti ɗaya ba, mutanenmu ba su san abin da za su yi da shi ba, sai tari da kallon agogo. Mu ƙungiyoyin biyu muka tara a tsakiyar fili, liman ya ja Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, aka shafa fatiha, sannan na miƙa wa alƙali usur. Wasan ya tashi babu ci, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, yaron nan ya tare biyu. Ragon dai sai da ya ƙara mako guda yana cin harawata, kuma kwamiti bai biya ni ba har yanzu.