Garand, SKS ko MAS: amsar da ka matsa sai na ba ka

Ka zo mini da waya a hannu, wai ka ga Turawan Amurka suna gardama a kan tsofaffin bindigogin soja masu ɗana kansu, irin waɗanda kowane jan kunama harsashi ɗaya ke fita, kana son in faɗa maka wace ta fi tsakanin Garand da SKS da MAS 49/56. Yaro, ajiye wayar nan tukuna. Mai tara bindiga don tarihi da mai son zuwa fili ya harbi allo ba abu ɗaya suke nema ba. Kuma waɗancan da kake kallo dokar ƙasarsu ce ta ba su dama. A nan Nijar bindigar yaƙi ba kayan farar hula ba ce, tun 1994 akwai hukumar da aka kafa don tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Ga kuma abin da ke faruwa wajen Madarunfa da Gidan Rumji. Duk wanda ya shigo wannan rumfa tamu ta gyaran bindiga da ƙarfe babu takardar hukuma, ko tabarma kada ka shimfiɗa masa.

Da MAS zan fara, don ita ce Faransa ta bari a ƙasashenmu, ita kuma za ka fi cin karo da ita. A Saint-Étienne aka ƙera ta, tana cin harsashi 7.5×54, sharjarta, wato gidan harsashi, na ɗaukar goma, nauyinta wajen kilo huɗu ne. Sojan Faransa sun riƙe ta har bindigar FAMAS ta zo ta karɓe ta wajen 1979. Ba ta da fistan. Wani siririn bututu ne ke ɗebo iskar albarushi daga sama, ya hura ta kai tsaye a kan abin da ke ɗauke da kilas, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututun harbi ya rufe bayansa, ya tura shi baya. Kayan cikinta kaɗan ne, shi ya sa ƙura ba ta cika damun ta ba. Aibinta yana wurin allura: babu sifirin da ke riƙe ta, yawo take a cikin kilas. An yi ta ne don harsashin soja mai taurin amos, wato 'yar ƙwayar nan ta gindin kwanso da allura ke bugawa. Ka sa mata harsashin kasuwa mai laushin amos, kilas na rufewa sai ta tashi da kanta ba wanda ya taɓa kunama. Ka kuma karanta abin da aka buga a jikinta, don wasu 'yan kasuwar Amurka sun mayar da da yawa zuwa 7.62×51, aikin kuma bai yi kyau ba, sukan yage kwanso. Harsashin 7.5×55 na Suwizalan ma ba nata ba ne, komai kamannin lambar.

Ita wannan MAS ɗin ce ma ta sa na kula ka yau. Wani tsohon mai kaki, babban mutum, takardunsa cikakku, ya kawo tasa rumfar nan. Ƙotar ta tsage a wuya, ƙugiyar da ke fizgo kwanso ta dakushe, bututun iska ya toshe da baƙi. Cikin bututun harbi kuwa fes, tsaginsa guda guda kana iya ƙirgawa da ido. Aka ɗinke ƙota da gam da ƙusar tagulla, aka sāke ƙugiya, aka wanke komai. Ya ɗauka, ya ce kuɗin aiki sai ƙarshen wata. Ashe yana da tsofaffin harsasan soja a akwati. Ya je ya harba abinsa, ya shafa mata mai a waje don ta yi ƙyalli, ya cusa ta cikin kube na fata ya jingine, a tsakiyar watan Agusta, ruwa na sauka kullum. Sai bayan an yi girbin gero ya dawo, da mutum biyu a bayansa, ya ɗaga bututun sama ya ce kowa ya leƙa. Ja wur, tsatsa ta cinye tsagin, ramuka ko'ina. Wai an sauya masa bututu a rumfata, an sa masa ruɓaɓɓe.

To bututun MAS murɗe yake a jikin gangar, wato gidan ƙarfen da kilas ke kai da komo a ciki, sai da babban matsi da sifana ta musamman yake kwancewa, ga alamun ma'aikata a wurin ba wanda ya taɓa su. A ina ma ake sayar da bututun 7.5 a kasuwar Maraɗi? Shaidar da ta fi ƙarfi tana kan fuskar kilas da ramin da bututun iska ke hurawa: nan ma tsatsa ce iri ɗaya. Duk inda hayaƙin harbi ya bi, nan ta bi. In bututu aka sauya, wa ya sa wa kilas tsatsa? Mutumin ya san gaskiya sarai, so yake ya ci kuɗin aiki. Dattawan unguwa suka taru, aka ce a yi haƙuri babba ne, a rufa masa asiri. Kuɗin aiki ya tafi, aka ɗora jikka ɗari da hamsin a kai wai na sulhu. Har yau in motarsa ta wuce ta nan ba na ɗaga kai. Littafin can da kuke yi wa dariya kai da 'yan'uwanka, wanda ake rubuta lambar kowace bindiga da halin bututunta, mai ita ya leƙa da idonsa ya sa hannu gaban shaida, daga nan ya samo asali.

Abin da ya ci bututun nan gishiri ne. Amos ɗin tsofaffin harsasan soja ana haɗa shi da wani sinadari da in ya ƙone yake barin gishiri a ƙarfe. Gishirin na jan laima daga iska. Da hunturu mutum kan tsira na ɗan lokaci, da damina kuwa kwana biyu sun isa. Mai ba ya narkar da shi, rufe shi kawai yake yi. Ruwa ne maganinsa. Ranar da aka yi harbi, ba gobe ba, ka juya bakin bindiga ƙasa, ka zuba tafasasshen ruwa kamar lita ɗaya ta wajen kilas, ka bi da tsumma har ya fito fari. Zafin ƙarfen zai busar da saura. Ka wanke fuskar kilas da duk hanyar iska haka nan, sannan mai. Washegari ka sake leƙawa, jibi ma haka. Yadda ake kwance ta da yadda ake tabbatar babu harsashi a ciki ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da goro.

SKS ƙirar Simonov ce, Tarayyar Sobiyet ta karɓe ta a 1949. Harsashinta 7.62×39, irin na Kalashnikov, goma take ci, gidan harsashin manne yake, ta sama ake ɗura shi da 'yar tsinkar ƙarfe. Fistan gare ta mai gajeren bugu, ga banati, wato wuƙar bakin bindiga, a naɗe ƙarƙashin bututu. Ga mai harbi ita ce mai sauƙin sha'ani, ba ta dukan kafaɗa, har mita ɗari uku tana yin abin kirki. Amma ka san ƙasar da ta fito. Ta Sin, Type 56, cikin bututunta shafe yake da kurom, ƙarfen nan mai hana tsatsa, tana jure sakaci. Ta Yugoslabiya, M59/66, babu kurom, kuma tana da wani makunnin iska da aka sa don harba gurneti, wanda in tsatsa ta ci shi iska ke zurarewa, bindiga ta ƙi ɗana kanta. Allurarta ita ma yawo take a mafi yawansu. Giris ɗin ajiya na soja kan daskare a raminta ya riƙe ta a waje, sai bindiga ta zazzage harsasanta duka mai ita na riƙe da ita yana salati. Ka ciro kilas ka girgiza kusa da kunne. In ba ka ji allura na ƙara ba, a kwance a wanke, ramin kuma a bar shi a bushe. Makullinta ma kunama kaɗai yake tarewa, kada ka dogara da shi.

Garand kuwa sarauniya ce, kuma ta san da haka. Amurka ta ɗauke ta a 1936, an ƙera sama da miliyan biyar. Harsashi .30-06, guda takwas a cikin wani maƙalin ƙarfe da ake dannawa ciki gaba ɗaya, in sun ƙare ya yi tsalle waje da ƙara. Ta haura kilo huɗu. Saitinta na ido, mai ƙaramin rami da ake murɗawa sama da gefe, babu kamarsa a duk waɗannan, shi ya sa masu gasa ke son ta. Rauninta doguwar sandar nan ce da iska ke turawa daga kusa da baki. An auna ta ne da harsashin soja mai kai wajen giram 10. Ka ba ta na farauta na zamani mai nauyin kai da albarushi mai jinkirin ci, sandar ta lanƙwashe. Gwajinta: cire sifirin, ka ɗaga baki sama, ka sunkuyar, kilas da sanda su zame da nauyin kansu. In sun cije, akwai lanƙwasa. Giris take so a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ba mai ba. Ka kuma duba bakin bututu, don ta nan sojoji ke cusa sandar wanki: ka sa kan harsashi a ciki, in ya nutse har wuyan kwanso, bakin ya gama yayi.

Sauran a taƙaice. FN-49 ta Beljiyam aikin Saive ce, maƙerin da ya zo ya yi bindigar FAL, Masar ta saye ta da 7.92×57. Allurarta ta farko guda ce doguwa, takan karye ta maƙale a waje, bindiga ta tashi kilas bai rufe ba, don haka a nemi mai allura gida biyu. Hakim ta Masar daga Ljungman ta Suwidin aka kwaikwayo ta, doguwa ce, ga ƙara, in an buɗe mata iska da yawa sai ta yage gindin kwanso. SVT-40 ta Tokarev tana cin 7.62×54R, ma'aunin iskarta mataki biyar ne, ƙotarta kan tsage.

Mai tarawa lambobi yake bi. A irin su SKS, na ganga, na kilas, na ƙota, na gidan harsashi, su zama ɗaya, bugun ma'aikata ne ba rubutun alƙalamin lantarki da ake yi lokacin gyaran soja ba. Ku yaran yanzu da kun ga tsohon katako sai ku ɗauko samfefa da banish. Hatimin da ke jikin ƙota shi ne kuɗin, ka goge shi ka zubar da darajar. Tsumma da ɗan mai, shi ke nan. Shi kuwa mai harbi, lamba ba ta dame shi ba in dai bututu na da rai kuma harsashi na samuwa. Ta wannan fuska SKS ce gaba, Garand ta fi ta kai harsashi inda aka nufa amma tana da tsada da zaɓen abinci, MAS kuma ta fi dacewa da bango, don 7.5 ya yi wuya.

Ko wace ce, ba a harba ta sai an auna tazarar da ke tsakanin fuskar kilas da mazaunin harsashi. Ma'aunan suna cikin gwangwanin can, kowane harsashi da nasa: gajere, dogo da mafi tsawo. Kilas ya rufe a kan gajeren, ya ƙi rufewa a kan dogon. In ya rufe a kan mafi tsawo, kwanso na iya fashewa a fuskar mai harbi, sai ka ɗaura mata jan ƙyalle, ka rubuta a littafi, ka kira ni.