Likita, tunda hankalina ya kwanta, zan iya ajiye maganin tansiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 54, ina zaune a unguwar Zariya, nan Maradi. Shekara shida ke nan ina shan amlodipin saboda tansiyo, wato hawan jini, ga ciwon baya da ke hana ni barci. Ɗana da ke karatu a Yamai ya turo mini bidiyo ta WhatsApp a kan zaman natsuwa da ake kira meditasiyo, mutum ya zauna ya bi numfashinsa, wai har ƙwaƙwalwa yake canzawa. Wata guda ina yi, kuma wallahi na ji sauƙi. Da yake tunani ne ya sa mini hawan jinin bayan rasuwar maigidana, sai na ajiye ƙwayar, yau kwana uku. Na auna a farmasi an ce 14/8, wato 140/80. Amma gabana sai faɗuwa yake. Na warke ne ko na yi ganganci?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ji ƙan maigida. Kafin ki ƙarasa karatun nan, tashi ki sha ƙwayarki ta yau, guda ɗaya yadda kika saba, kada ki haɗa da na kwanakin da kika tsallake. Faɗuwar gaban nan taki ta fi bidiyon gaskiya.

Sauƙin da kika ji ba ƙarya ba ne. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa, amigdala, shi ne mai gadin da ke buga ƙararrawa in ya hango haɗari. Da ya buga, sai a zubo sinadaran adirenalin da kortizol cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke, suga ya hau. Mai ciwon da ya daɗe, mai gadinsa ba ya hutawa: baya ya ɗan motsa, nan take tunani ya tafi "ko ƙoda ce, ko zan kwanta ne, wa zai riƙe yaran". Duk lokacin da kika lura hankalinki ya gudu kika dawo da shi kan numfashi, sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi ne kike horarwa, shi ke iya cewa mai gadin ya sassauta. Ciwo kuma kashi biyu ne, akwai zogin kansa, akwai ƙuncin da ke biyo bayansa. Wannan horon ya fi cin kashi na biyu.

Ba sabon abu ba ne a asibiti. Jon Kabat-Zinn ya fara shi a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka, tsarin mako takwas, kuma ga masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya tsara shi. A 2014 an tattara gwaje-gwaje 47 aka duba, aka ga yana rage fargaba da baƙin ciki da zogi, ragi kaɗan zuwa matsakaici. Zancen cewa ƙwaƙwalwa tana ƙara kauri cikin mako takwas, wanda masu bidiyo ke so, daga ƙananan bincike ya fito, kuma da aka sake gwadawa da mutane masu yawa a Jami'ar Wisconsin a 2022 ba a ga haka ba. Aikinta ne ke sauyawa da horo, shi ma ya isa abin godiya.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babu ranar da zan zauna duba marasa lafiya ban ji "Likita, ai tunani ne" ba. Wani ya ce bashi ne ya sa masa, wata ta ce kishiya, wani ya ce tun da aka rufe iyaka kaya suka tsaya masa a Jibiya. To sai a yi lissafi mai sauƙi: tunani ya kawo, tunani ya tafi, ciwo ya tafi. Wannan lissafin ya kwantar da mutane da yawa a garin nan. Damuwa tana ɗaga tansiyo, ban musa ba. Amma hawan jinin da ya shekara shida ya riga ya zauna a jikin jijiyoyi, sun yi tauri, ƙoda ta saba riƙe gishiri, ga gado, ga shekaru, ga dunƙulen da ake zubawa a miya uku-uku. Ko da tartsatsi ne ya tayar da gobara, in wuta ta kama rumbu, kashe tartsatsin ba ya kashe ta. Abin da zaman natsuwa ke saukewa a ma'auni bai cika kaiwa maki ɗaya ba. Mai 17 ba zai dawo 13 da numfashi ba, ko da kwana zai yi a zaune.

14/8 ɗin da ta ruɗe ki kuwa, ba ke ba ce, amlodipin ce. Maganin yana daɗewa a jiki, sai ya yi kwana ɗaya da rabi zuwa biyu kafin rabinsa ya fita, saboda haka wanda ya ajiye shi ran Litinin zai auna ran Alhamis ya ga lafiya lau, ya ce alhamdu lillahi na rabu da ƙwaya. Mako biyu a gaba babu sauran magani a jini, shi kuma ya daina aunawa tunda "ya warke". Hawan jini ba ya sallama. Ba dole kai ya yi ciwo ba, ba dole a ga jiri ba. Sai da asuba a kawo mana mutum a kan tabarma, baki ya karkace, hannu ya saki, ƴan uwa suna cewa iska ce ta buge shi a banɗaki. In na tambayi ina maganinsa, a ce ai ya daɗe da bari, ya samu sauƙi. Masu shan atenolol, wani maganin tansiyon, nasu ya fi muni, don yanke shi farat ɗaya na iya sa zuciya ta zabura. Masu suga ma haka suke mana da metformin, wasu har da insulin.

Kuma akwai masu hura wutar. Mota da lasifika a bakin kasuwa, jarka ɗaya tana maganin tansiyo da suga da basir da sanyi, kalmar farko da zai faɗa miki ita ce "maganin asibiti ba ya warkarwa, danne ciwo yake". Yanzu kuma ga ƴan intanet sun shigo da tasu jarkar, babu ruwa a ciki sai daɗin baki. Ranar da jiki ya shanye, mai lasifikar yana kasuwar wani gari, mai bidiyon ko sunanki bai sani ba. Annabi (SAW) cewa ya yi ku nemi magani ya ku bayin Allah. Bai ce in kun ji sauƙi ku zama likitocin kanku ba.

Kada ki bar zaman, ni ma ina sa marasa lafiyata su yi. Inda zai fi miki amfani shi ne ciwon bayan nan naki. Na san galibin masu ciwon baya a nan diklofenak suke saye wurin masu tallar magani a faranti, shi kuwa yana ɗaga tansiyo, yana cin ƙoda. In natsuwar ta sa kika rage shi, kika samu barci, kin ci riba babba. Masu tsoron ko addinin wasu ne, gaskiya Kabat-Zinn daga al'adar Buda ya ɗauko salon, amma abin da ake yi a asibiti babu bautar kowa a ciki, kuma mai neman halartowar zuciya a sallah ya san wahalar dawo da hankalin da ya gudu. Minti goma zuwa ashirin bayan asuba ya wadatar: ki zauna da majingina, ki bi shigar iska da fitarta, tunani ya zo ki gan shi ki dawo, ba faɗa. In zaman yana tono miki mutuwar maigida har kuka ya ƙi tsayawa ko barci ya ƙaurace, ki dakata ki gaya wa likitanki.

Cikin makon nan ki je wurin wanda ya rubuta miki ordonans, wato takardar magani, ki faɗa masa kin yi kwana uku ba ki sha ba, a duba ƙoda da suga. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta awo sau biyu a mako, bayan kin zauna minti biyar, ki kai masa bayan wata uku. In akwai ragi, shi zai rage. In kuwa kika ji hannu ko ƙafa sun yi nauyi, ko harshe ya sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, ko da tsakar dare ne a nemo abin hawa a kai ki asibiti.